Tsohuwar tirelar kwana a bayan gidanmu: a gyara ko a sayar wa 'yan gwangwan?

Baban 'Yan Biyu (Garwa):
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma ina roƙon masu sana'a su gaya mini gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Akwai wata tsohuwar tirelar kwana a bayan gidanmu a unguwar Hausare, nan Garwa a arewacin Kamaru, irin wadda Turawa ke ɗaurawa a bayan mota su tafi hutu, da gado da ɗan wurin girki a ciki. Marigayi mahaifinmu ya yi wa wani Bafaranshe aiki a harkar auduga, da mutumin zai koma gida sai ya bar masa ita. Tun ina yaro take ƙarƙashin darbejiya, tayoyin sun nutse cikin ƙasa, kaji na ƙwai a ciki. Yanzu an raba gado ta faɗo a kasona. 'Yan gwangwan sun zo sun taya, amma raina bai kwanta da sayarwa ba.

Niyyata mu gyara ta da hannunmu, ni da yara da uwarsu, a hankali, da ɗan abin da ya rage a ƙarshen wata. Iyayen maiɗakina suna wani ƙauye kusa da tafkin Lagdo, duk sanda muka je hutu wurin kwana ne ke ba mu wahala, sai an tashi wasu daga ɗakinsu saboda mu. Ga kuma gona a can lokacin girbi. Abin da nake ganin zan iya kashewa gaba ɗaya bai wuce sefa 300,000 ba, shi ma ba a dunƙule ba. Yara sun matsa a fara da fenti da labule. Ta ina ya kamata a fara?

Alhajin Kasuwa (Marwa):
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kyauta namu zuwan. Ƙanena, ni dai shawarata ka sayar. Kuɗin da za ka zuba, in ka haɗa da abin da 'yan gwangwan za su ba ka, ya isa ka sayi bulo da kwano ka ta da ɗaki ɗaya a gidan surukanka. Ɗaki ba ya buƙatar taya, ba ya buƙatar takarda. Wannan abin an ƙera shi ne don titin Faransa da sanyin Faransa. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, wa zai iya kwana cikin akwatin ƙarfe?

Goggon Yara (Marwa):
Alhaji, ɗakin da ka gina a filin surukai ba naka ba ne fa. Ranar da aka zo rabon gado shi ne zai haɗa matarsa faɗa da 'yan uwanta. Kuma ɗaki ba zai bi shi gona ba. Abin da uba ya bari yana da wani matsayi a zuciya, ba komai ake ɗorawa a sikeli ba. Ni ina bayan gyara.

Mai Walda (Yelwa, Garwa):
Kafin a yi nisa da gardamar sayarwa ko gyarawa, a leƙa ƙarƙashinta tukuna, can amsar take. Malam, ka ce wa yara su yi haƙuri da fenti. Fenti shi ne aikin ƙarshe.

Da farko ku share ciyawa da tarkacen da ke kewaye, ku bubbuga jikinta da sanda, domin abin da ya daɗe a ajiye haka ba ya rasa kunama ko maciji. Kada yaro ya zura hannu inda ido bai gani ba. Sannan ka ɗaga ta da jak, ka sa kututture ko bulo mai ƙarfi a ƙarƙashin shasi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi alhali jak kaɗai ke riƙe da ita, ina roƙonka da Allah.

In ka shiga, ka riƙe ƙaramar guduma da sukundireba. Ka bi ƙarfen shasi kana ƙwanƙwasawa tun daga gaba har baya. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tangaran, wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ka ji shi dum, ɓawo na zubowa. Inda ka yi shakka ka danna sukundireba da ƙarfi, in ta huda to wurin ya mutu. Wurare biyu ne suka fi damuna: ƙarafa biyun nan na gaba da suka haɗu a inda ake maƙala ta a mota, da kuma inda aka ɗaure aksil. In waɗannan suna da rai, tirelarka tana da rai. Jan tsatsar da ke sama-sama ba komai ba ce, buroshin ƙarfe da jan fentin hana tsatsa sun ishe ta, kuma wannan aiki ne da yara za su iya. Sa'armu a nan arewa iska busasshiya ce mafi yawan shekara. Da a Duwala ta yi wannan zaman, da tuni ta zama gari.

A jikin ƙarfen gaba za ka ga wani ɗan faranti da aka buga lambobi a kai. Ka goge shi ka karanto mana nauyin da aka rubuta.

Kafinta (Gidar):
Abin da mai walda ya faɗa haka ne, sai dai ni ba ƙarfen nake jin tsoro ba, itacen ne. Yawancin tsofaffin nan bangonsu siraran katakai ne aka jera, aka lulluɓe waje da alminiyom mara kauri, ciki kuma da filawud siriri. Ruwa yana shiga ta haɗin rufi da gefen tagogi da ƴar tagar nan ta sama, ya kwanta a cikin bango shekara da shekaru ba wanda ya gani. Daga waje sai ka ga lafiya lau. Ka shiga ciki ka danna kowace kusurwa da babban yatsa, musamman ƙasan tagogi da cikin akwatunan da ke ƙarƙashin gado. Inda ya lotsa ko ya yi baƙi ka zana masa alli. Ka taka daɓen ko'ina da dunduniya. Sannan ka nemi hanyar gara, tunda ka ce tayoyi sun nutse, ta samu tsanin hawa ke nan.

Baban 'Yan Biyu (Garwa):
Na gode ƙwarai. Mun yi yadda kuka ce jiya bayan la'asar. Shasi yana ƙara da kyau ko'ina, sai wani ɗan wuri a can baya inda ƙafar tsayuwa take, nan sukundireba ta shige. Farantin ya nuna kilo 900. Daɓen kusurwar baya ta hagu ya ruɓe, ƙafar babban yarona ta faɗa ciki har idon sawu. Gara ta hau bango ɗaya har ƙasan taga. Murfin tagar sama ya fashe, ta nan ruwa ke zuba. Tayoyi duk sun tsattsage, kuma ƙafar dama ta ƙi juyawa ko kaɗan. Da muka buɗe wani akwati mun tarar da tsohuwar butar shayin Baba da tabarmar sallarsa a naɗe. Uwar yara sai da ta yi hawaye.

Mai Walda (Yelwa, Garwa):
Alhamdu lillahi, wannan labari ne mai daɗi. Wurin ƙafar tsayuwa ƙaramin aiki ne, a yanke a sa sabon ƙarfe. Ka gyara abinka.

Tsohon Direba (Ngaundere):
Ɗana, ni na tsufa a kan titin Ngaundere zuwa Kusuri, bari in yi maka maganar abin da ke taɓa rai, sauran na bar wa masu ado.

Ƙafar da ta ƙi juyawa, mai yiwuwa takalmin birki ne ya manne da ganga saboda daɗewa. Tirela mai wannan nauyi tana da birkinta na kanta: idan mota ta rage gudu, tirela ta turo gaba, bakin maƙalar ya shige ciki ya ja sanda da waya, su kuma su buɗe takalman birki. Ka bubbuga gangar da guduma a hankali tana iya saki. In kun buɗe, kada wanda ya hura ƙurar da baki ko da iskar mai faci. Tsofaffin takalman birki da asbestos ake yin su, ƙurarsa na lalata huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma a yar, kuma yara su tsaya nesa a wannan aikin.

Boris na ƙafa biyun ka canza su gaba ɗaya, kada ka ce za ka wanke ka mayar. Ba su da tsada, lambarsu na rubuce a jikinsu. A cika su da giris, a ɗaure noti daidai, ba tamau ba, ba sako-sako ba, a sa sabon fil. Na sha ganin ƙafar tirela ta fita tana gudu ita kaɗai a gefen titi, kuma kusan kullum boris ne ya ƙone.

Taya kuma kada ƙyallin zanenta ya ruɗe ka. Tayar tirela ba ta cika suɗewa ba, tsufa ke kashe ta. A gefen kowace taya akwai rubutun DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, mako na 23 ke nan na shekarar 2019. In lambobi uku ka gani, to tun kafin 2000 aka yi ta. Masu sayar da tayoyin hannu da ake kawowa daga Turai za su nuna maka zane mai zurfi, kai ka juya ka duba shekara. Wadda ta haura shekara 6 ko 7 ka bar musu abinsu, kwaltar Garwa da azahar ba ta raga wa tsohuwar roba. Uku za ka saya, har da ta ajiya.

Da wace mota za ka ja ta?

Baban 'Yan Biyu (Garwa):
Baba, tsohuwar Corolla ce gare ni. Yayana yana da Hilux, yakan ba ni aro in ta kama.

Tsohon Direba (Ngaundere):
To ka saurara. Masu wannan harka a Ingila suna ba sabon hannu shawarar kada nauyin tirela da kayanta ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar da ke ja. Tsohuwar Corolla kilo 1,000 da ɗoriya ce, ka ga in ka cika tirelar taf kana bakin iyaka. Zuwa Lagdo a hankali, da sassafe, kana duban allurar zafi, za ta iya. Amma in wata rana zuciya ta raya maka ku hau nan Ngaundere shan iska, kusan kilomita 280 ne, kuma bayan Mbe akwai hawan dutsen nan mai kwana-kwana. Daga kwarin Binuwai za ka hau tudun da ya fi mita 1,000. Wannan aikin Hilux ne. Saukowar ma ta fi hawan haɗari, da ƙaramar giya ake sauka, ba da birki ba.

Ƙarfen ja a ɗaure shi a shasin mota da noti masu ƙarfi, ba a jikin bamba ba. Ƙwallon da tirelolin Turai ke hawa milimita 50 ne, kada a sa maka wanda ya fi shi ƙanƙanta a ce ai zai yi. A ƙara sarƙa ko wayar tsaro.

Lodi kuma: kaya masu nauyi a ƙasa, a kan aksil. Kada a tara jarkoki da buhuna a baya. Bakin tirela ya danna ƙwallon da kamar kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyinta, a taka wajen kilo 45 zuwa 60 ke nan, kana iya aunawa da sikelin buhu. In baya ya fi nauyi, da ka ɗan yi gudu ko babbar mota ta gifta ka, sai ta fara kaɗa wutsiya kamar kifi, ta ja motar ma. In haka ta faru ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari sak, kada ka taka birki da ƙarfi.

Na ƙarshe, kuma wannan ba shawara ba ce, umarni ne daga uba: ba mai zama cikin tirela tana tafiya. Yara za su roƙe ka har da kuka. Kada ka yarda ko zuwa bakin layi ne.

Mai Walda (Yelwa, Garwa):
Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya: irin waɗannan da yawa ba su da sifirin, roba ce a cikin bututun aksil ke ɗaukar girgiza, kuma roba tana bushewa. In na duba na ga ta zauna, sai mu sa mata aksil mai sifirin na ganye, mu ɗan ɗaga ta saboda hanyar ƙauye. Kuma tunda gara ta ci bango, ni da za a ji tawa, a cire katakan gaba ɗaya in yi mata ƙashi da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu. An rabu da gara har abada.

Kafinta (Gidar):
A'a maigida, nan kam ban yarda ba. Bango ɗaya gara ta taɓa, don me za a rushe huɗu? Ƙarfe zai ƙara mata nauyi, alhali Baba yanzu ya gama cewa motar tana bakin iyaka. Sannan ƙarfe na ɗaukar zafin rana ya shigo da shi ciki, ga shi alminiyom da baƙin ƙarfe in suka haɗu da danshi suna cin juna. A ɓare filawud na ciki a wurin da ya lalace kawai, a yanke ruɓaɓɓen katako har inda mai lafiya ya fara, a dasa sabo da gam da sukuru. Katakon ayus ba shi da nauyi kuma ya fi araha, amma ƙwari na son sa, dole a shafe shi da maganin gara ya bushe kafin a rufe. Iroko gara ba ta cika damun sa ba, sai dai nauyi da tsada, don haka a sa shi a layin ƙasa kaɗai inda danshi ke taruwa. Katako a nan arewa duk daga kudu yake zuwa, shi ya sa kuɗinsa ke cizo. Ka zaga wurin kafintoci ka sayi guntaye, aikin nan ba ya son dogayen katakai.

Masu cewa a shafa baƙin man inji don korar gara, a ƙarƙashin daɓe ta waje ba laifi, amma ban da ciki inda yara za su kwana suna shaƙa.

Mai Walda (Yelwa, Garwa):
Bututu siriri nake nufi, ba na ƙofar gareji ba. Nauyin da zai ƙaru bai kai yadda kake zato ba. Katakon da ka dasa yau, bayan damina biyar fa?

Kafinta (Gidar):
Bayan damina biyar yana nan, muddin an toshe ruwa kuma ba a bar ta zaune a ƙasa ba. Wanda ke ciki yanzu ai tun zamanin Baba yake, kuma bango uku sun tsira. Filawud mai kaurin milimita 12, falle ɗaya kusan kilo 20 ne, shi za a sa a daɓe. Bango kuwa milimita 4 ya isa. Kowane kilo da ka ƙara a jikinta, ka rage shi ne daga ruwan sha da abincin da za a ɗauka.

Tsohon Direba (Ngaundere):
Ina bayan kafinta a wannan. Kuma ɗagawar ma kada ta yi yawa, abin da ya yi tsayi saurin kifewa gare shi.

Mai Walda (Yelwa, Garwa):
To shi ke nan, tunda Baba ya yanke. Amma a bar ni in sa ƙarfe a kusurwar bayan nan da ta ruɓe, inda daɓe ke zama.

Alhajin Kasuwa (Marwa):
Kun ga abin da nake faɗa? Taya uku, boris, birki, ƙarfen ja, wataƙila aksil, katako, ba a zo wuta da katifa ba. Ina 300,000 za ta kai? Ga takardu. Abin da ya yi shekaru ba rajista, shingen farko za a tsayar da shi. Sannan ku dubi zamanin da muke ciki. Da can Turawa na zuwa yawon buɗe ido Waza da Rumsiki da irin waɗannan motoci, amma tun da aka sace iyalin Faransawan nan bakwai kusa da Dabanga a Fabrairun 2013 harkar ta mutu a wajenmu. Masu satar mutane don kuɗin fansa ma ba su bar wasu yankunan karkara ba. Farar tirela a ƙauye tana cewa mai ita yana da kuɗi, ko da ba shi da ko sisi. Ba ina kashe maka gwiwa ba ne, tsoro nake ji maka.

Malamin Makaranta (Fitowa):
Maganar Alhaji ta tsaro abin dubawa ce, kada a yi watsi da ita. Amma Malam bai ce zai kwana a daji ba. Ƙauyen surukansa zai je, inda aka san shi. Ya shigar da ita cikin gida ko ya ajiye a ƙofar gida, ya je ya gai da jauro, wato mai gari, ya sanar da shi, kada ya yi tafiyar dare, kada kuma ya riƙa sanar da ranar tafiyarsa a intanet. Fentin ma a yi mara ɗaukar ido.

Batun takarda, dokar hanya ta ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ta ware lasisin E ga mai jan tirelar da ta haura kilo 750, taka kuwa 900 aka rubuta. Tun kafin ka kashe kuɗi mai yawa ka ɗauki hoton farantin da lambar shasi, ka haɗa da takardar rabon gado, ka je ofishin sufuri da na inshora su faɗa maka abin da ake bukata. Ka binciki akwatunan Baba ma, tsofaffinmu ba sa yar da takarda. Fitilun baya da na kwana da na birki su kasance suna aiki, a manna abin ƙyalli.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yaran. A aji ina fama da ɗalibai kan lissafin faɗi da tsawo, amma yaron da aka ba tef aka ce auno daɓe, ka faɗa mana falle nawa za mu saya, ba zai sake mantawa ba. Ka ba ɗaya littafi ya riƙa rubuta duk sefar da ta fita. Ka sa 'yan matan ma su riƙe sukundireba, kada a ce nasu labule ne kawai.

Ɗan Sola (Injamena):
Gaisuwa daga tsallaken Logon. Zafinmu ya fi naku, don haka ku ji ta bakina kan maganar Alhaji ta akwatin ƙarfe. Gaskiya ne in ka ajiye ta a rana tanda ce. Maganin shi ne rana kada ta taɓa rufin. A yi wa rufi farin fenti, a ɗaura tamfol a sama da tazarar kamar taki ɗaya don iska ta ratsa, a bar shi ya zarce gefe ya zama rumfa. Tunda kafinta zai buɗe bango, a cusa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firij da talabijin, masu shaguna zubar da shi suke yi. Tagogi a sa musu raga, biyu masu kallon juna su kasance a buɗe.

Wuta kuma kada ka wahalar da kanka. Tsofaffin wayoyin ka cire duka, ɓera ya gama da su. Farantin sola mai wat 100, batir mai amfiya 100, da ƙaramar na'urar daidaita caji. Fanka mai bolt 12 tana cin kamar wat 15, in ta kwana awa 8 wat-awa 120 ke nan. Ƙwan LED uku da cajin wayoyi su ƙara kamar 80. Farantin zai ba ka wajen 400 a rana mai kyau, ka ga akwai rara. Sharaɗi biyu: fiyus dab da batir, domin gobarar irin wannan ɗaki daga waya take tashi, sannan kada ka bar batir ya sauka ƙasa da rabi. Da hunturu a riƙa goge ƙurar farantin kowace safiya. Batirin a sa shi cikin akwati mai hujin iska zuwa waje.

Tsohon firij ɗin da ke ciki, irin mai aiki da gas, ka cire. A zafinmu ba ya sanyaya komai, nauyi ne kawai.

Goggon Yara (Marwa):
Tulu da jiƙaƙƙen buhu sun fi shi. Kuma don Allah a cire murhun ciki da tsofaffin bututun gas ɗin gaba ɗaya. Mu girkinmu ba na cikin ɗan ɗaki ba ne, tuwo da miyar kuka da suyar kifin Lagdo a waje ake yin su, ƙarƙashin rumfa. Wurin murhun a mayar da shi ma'ajin kwanuka da garin tuwo. Da sanyin Disamba kuma kada a kuskura a shiga da gawayi ciki a rufe ƙofa don jin ɗumi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, barci kawai mutum zai yi ya wuce. A ƙara bargo.

Maman 'Yan Biyu (Garwa):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena, maigida ne ya ba ni wayar in yi godiya. Alhaji, na ji tsoronka kuma na san don ƙauna ne. Amma ni na san abin da nake ji idan muka je gida na ga an fitar da ƙannena sun kwana a zaure saboda mu, har nakan ƙagu mu dawo tun ban gama ganin Inna ba. In muna da wurin kwananmu zan zauna da ita hankali kwance. Da zafi ai ko a Garwa a tsakar gida muke kwana cikin gidan sauro, can ma haka za mu yi. Babban hutun yara a damina yake faɗowa, na Disamba kuma a sanyi, lokutan da ake neman rufi ke nan.

Goggo, na karɓi maganar murhu. Katifu ma ba sai an sayi sababbi ba, akwai tsohuwar katifarmu mai kauri, zan sa a yanka ta gida uku in ɗinka musu riguna da atamfofin da na daina ɗaurawa. Ina da keken ɗinki. Na ce kuɗin adashena na wannan zagaye ya tafi wurin tayoyi.

Goggon Yara (Marwa):
Allah ya yi miki albarka 'yata. Ki sa wa rigunan zif don wanki. In kun je kada ku ajiye ta dab da ruwa, dorina na fitowa kiwo da dare a wajen tafkin, ga sauro.

Kafinta (Gidar):
Saura abu ɗaya da nake so a yi kafin ruwan farko, ko da ba a taɓa komai ba: toshe rufi. Kada ka sayi silikon na banɗaki ka bi haɗin da shi. Rana za ta ɓare shi daga alminiyom, kuma inda ya taɓa wani abu ba ya sake kamawa. Ka kwance ƙarfen da ya rufe haɗin, ka kankare tsohon danƙon tas, ka goge, ka sa irin baƙin danƙon da masu sa gilashin mota ke amfani da shi, ka mayar da sababbin sukurori marasa tsatsa. Murfin tagar sama, mai walda zai iya lanƙwasa maka na kwano. In an gama, yaro ɗaya ya hau tsani da bokiti yana zuba ruwa, ɗaya na ciki da tocila yana duba kusurwoyi. Kada a taka rufin kai tsaye, a shimfiɗa katako tukuna.

Baban 'Yan Biyu (Garwa):
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda muka tsara da uwar yara. Wannan watan: ofishin sufuri, a ɗora ta kan bulo, a lulluɓe da tamfol, yara su fara kankare tsatsa. Sai ƙafafu da birki da tayoyi, sai rufi, sai bango da daɓe. Sola sai bayan girbi in Allah ya hore, kafin nan tocila ta ishe mu. Na gaya wa yara fenti na zuwa a ƙarshe, sun ɓata rai, amma da na ba babban littafin lissafi, ƙaramar kuma na ce ita ce mai ajiyar noti da sukurori a gwangwanaye, sai suka sake. Alhaji, in lissafi ya nuna aksil da takardu za su cinye fiye da ƙarfina, ba zan ci bashi ba. Za ta zauna a gida ta zama ɗakin karatun yara har Allah ya buɗa.

Alhajin Kasuwa (Marwa):
Har yanzu ina ganin ɗakin bulo ya fi, amma tunda kai da iyalinka kun haɗa baki, Allah ya sa albarka. Ina da tamfol babba a shago da ba na amfani da shi, zan ba direban da ke sauka Garwa ran Juma'a ya kawo maka. Maganar tafiyar dare dai kada ka manta.

Mai Walda (Yelwa, Garwa):
Malam, kada ka jawo ta zuwa wurina a kan waɗannan tayoyin. Ran Asabar bayan azahar zan zo da kayan aiki mu kwance ƙafafun a nan gida, in duba robar aksil. Ka jiƙa notocin da kananzir tun daren Juma'a, ka kuma tanadi bulo huɗu da tsumma.